Daga Epe Zuwa Agege: Kasuwar Da Ba Ta Da Sarkin Kasuwa

Garin Epe yana gabas da birnin Ikko, tafiyar kamar kilomita 90, a daidai inda ruwan tafkin Ikko ya matse ya zama mashigi kafin ya sake buɗewa ya zama tafkin Lekki. Garin masunta ne tun asali. Nan ne Sarki Kosoko ya yi gudun hijira da jama'arsa a shekarar 1851, bayan da jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Ikko ruwan wuta, shi ya sa har yau a cikin garin akwai zuriyar Ijebu, 'yan ƙasa, akwai kuma zuriyar mutanen Ikko da suka biyo sarkin. Baƙo ba ya bukatar a gaya masa sana'ar mutanen wurin, gama tun daga mashigar gari zai tarar da gunkin kifi an kafa shi a tsakiyar hanya.

Hanyar zuwa can ita kanta abin kallo ce. Mota za ta bar Victoria Island ta bi ta Lekki da Ajah da Sangotedo, ko'ina gidaje ne masu dogayen katangu da kantuna da gidajen mai. Dattawan da suka san wurin shekaru arba'in da suka wuce sun san shi fadama ce da kurmi da itatuwan kwakwa. Abin da ya rage na wannan kurmi a gefen hanya shi ne ɗan gandun nan mai faɗin hekta 78 da ake kira Lekki Conservation Centre, wanda ƙungiyar Nigerian Conservation Foundation ta kafa a 1990, inda birai ke tsalle a kan itatuwa suna leƙen gine-ginen da suka kewaye su. Can gaba, wajen Ibeju, hanya ta rabu zuwa matatar man Ɗangote da sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lekki da aka buɗe a 2023. Daga nan sai gada, sai Epe.

Kasuwar da ta kai ni ana kiranta Oluwo, tana bakin ruwa, kuma kusan duk masu rumfunan cikinta mata ne. Da sassafe kwalekwale ke isowa, a sauke tarwaɗa da ƙarfasa da jatan lande, wasu kifayen suna nan da ransu suna fantsama cikin manyan bahuna. Ƙarni da hayaƙin banda sun cika wurin, ga hayaniyar ciniki da Yarabanci wadda wanda bai saba ba zai ɗauka faɗa ake yi. A wani ɓangare kuma ga naman daji a kan tebura: gyazbi da gada da beguwa da guza, ga kififfiya, wani lokaci har da kada an ɗaure masa baki. A cikin waɗannan akwai wanda doka ba ta hana ba, kamar gyazbi, wanda ma kiwonsa ake yi a wasu wurare. Akwai kuma wanda dokar ƙasar nan ta haramta kamawa da saye da sayarwa, kuma babbansu a wannan kasuwa shi ne ɗan kunya.

Mai karatu wanda ya girma a Arewa mai yiwuwa ne bai taɓa ganin ɗan kunya ba. Dabba ce ƙarama, irin wadda aka fi samu a kurmin Kudu ba ta fi kyanwa nauyi ba. Jikinta duk ɓawo ne a jere, ɗaya bisa ɗaya kamar an yi jinka, ba ta da haƙori ko ɗaya, sai dogon harshe mai yauƙi da take lasar tururuwa da gara. In ta ji motsi ba ta gudu ba ta cizo, sai ta dunƙule ta ɓoye fuskarta a ciki, daga nan ta samo sunanta. Wannan dabara tana kare ta daga damisa, amma ga ɗan Adam ta zama sauƙi, sai dai ya sunkuya ya ɗauka ya jefa a buhu. Macen takan haifi ɗa guda ne a shekara, saboda haka in an kwashe su daga daji ba sa saurin mayarwa. Ɓawon nan da ake ta rububi a kansa kuwa, wanda masu maganin gargajiya a ƙasar Sin da Biyetnam ke nema, abu ɗaya ne da farcen hannunmu da ƙahon saniya, haka masana suka tabbatar.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a Oluwo shi ne wayar da ke ɗaure a bakin zanen kusan kowace 'yar kasuwa. A da, in mafarauci ya kamo dabba tilas ya kawo ta kasuwa, a ajiye ta a fili, mai saye ya zo ya gani da idonsa, duk wanda ke wucewa shi ma ya gani, har da ma'aikacin gwamnati in ya ga dama. Yanzu ba dole sai an yi haka ba. Ana iya ɗaukar hoton dabba tun tana ƙauye, a tura wa mai saye a Ikko, a yi ciniki, kuɗi su shigo ta banki, a ba direba saƙo a tasha, ba tare da ta taɓa hawa tebur ba. Watau abin da mai ziyara ke gani a kan tebura wani ɓangare ne kawai na cinikin. Sauran yana cikin aljihu.

Dokar da ake tinƙaho da ita a wannan fage ta girmi wayar nesa ba kusa ba. Ran 3 ga watan Maris 1973 aka sa hannu a birnin Washinton a kan yarjejeniyar ƙasashen duniya ta kula da cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, wadda aka fi sani da CITES, ta fara aiki ran 1 ga watan Yuli 1975, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen farko da suka shiga. Yarjejeniyar ta kasa halittu rukuni uku. Na rukunin farko an hana fataucinsu tsakanin ƙasashe in daga daji aka kamo su, na biyu sai da takardar izini. A taron da aka yi a Johannesburg a 2016 aka mayar da dukan jinsunan ɗan kunya takwas, huɗu na Afirka huɗu na Asiya, cikin rukunin farko, tare da aku mai ruwan toka da jar wutsiya. A gida kuwa, gwamnatin soja ta kafa Doka ta 11 a 1985, wadda ta yanka tarar Naira 1,000 ga wanda aka kama karo na farko da dabbar da aka haramta. A lokacin kuɗi ne masu kauri, sun fi dala dubu. Amma aka bar dokar haka nan har shekarar 2016 kafin a ƙara tarar, lokacin da Naira dubun ba ta kai dala huɗu ba.

Duk wannan tsari an gina shi ne bisa tunanin ƙofa. Ana zaton kaya za su zo bakin iyaka, ma'aikaci ya nemi takarda, ya duba hatimi, ya buɗe akwati. Domin in ga ƙofar sai na juyo Ikko na nufi Apapa.

A kan hanyar dawowa mota ta sake ratsa Lekki, kuma yana da kyau a tuna cewa a wannan unguwa ta masu hali ne jami'an kwastan suka kai samame a watan Yuli 2021, da taimakon bayanan wata ƙungiya mai suna Wildlife Justice Commission da ke ƙasar Holan, suka fito da fiye da tan bakwai na ɓawon ɗan kunya da ɗaruruwan kilo na hauren giwa. Maƙwabta ba su da dalilin zargin komai. Buhuna ne ake shiga da su ana fita, kamar na kowane ɗan kasuwa.

Apapa kuwa sai wanda ya gani. Manyan motoci sun yi jerin gwano tun daga kan gada, direbobi da yaransu, da yawansu 'yan uwanmu ne daga Arewa, sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin mota suna jiran layi. Bayan katanga ga kwantena an jibge su hawa-hawa kamar gidajen bene, ja da shuɗi da kore, ga ƙugiyoyi suna ɗagawa suna saukewa dare da rana. Kusa da ita ga tashar Tin Can da aka buɗe a 1977, bayan cunkoson jiragen siminti na 1975 da manya ba su manta ba. Wanda ya tsaya ya dubi yawan kwantenan nan zai gane cewa babu ma'aikatar da za ta iya buɗe kowace ɗaya. Kuma bisa al'ada hankalin kwastan ya fi karkata ga kayan da ke shigowa, domin a nan haraji yake. Abin da ke fita ba ya samun irin wannan ido.

Sakamakon haka ya bayyana a 2019. A watan Janairu jami'an Hong Kong suka buɗe kwantena da ta taso daga Nijeriya, an rubuta naman shanu mai ƙanƙara, suka tarar da fiye da tan takwas na ɓawon ɗan kunya da kamar tan biyu na haure. A watan Afrilu, cikin mako guda, Singafo ta kama kwantena biyu, ɗaya tan 12.9 ɗaya tan 12.7, duka daga Nijeriya za su Biyetnam. Sai a watan Janairu 2021 aka yi babban kamu a nan Apapa kanta, kilo 8,800 na ɓawo tare da haure, a cikin kwantenar da aka ce kayan katako ne. Masu bincike na Jami'ar Kambrij sun tattara lissafin kamun da ya shafi Nijeriya daga 2010 zuwa 2021, suka sami kilo sama da 190,000, abin da suka ƙiyasta ya kai aƙalla dabba kusan 800,000. Wannan fa wanda aka kama ke nan.

Ya kamata a yi wa ƙasar nan adalci ta fuska biyu. Yawancin hauren da ake kamawa ba na giwayenmu ba ne, gama 'yan ɗaruruwa suka rage mana, a Yankari da kurmin Omo na Jihar Ogun da wasu 'yan wurare. Daga Kamaru da Gabon da Kwango ake tattaro kaya, Ikko ta zama zango. Haka kuma wani bincike da aka buga a 2025 a kan mafarautan kurmin Kuros Riba ya nuna cewa kusan dukan ɗan kunyan da suke kamawa don nama ne, ɓawon ma galibi zubarwa ake yi. Saboda haka tukunyar gida tana da nata laifin, ba fataken Asiya kaɗai ba. Kwastan kuma sun farka: a 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Ikko ta hukunta wasu 'yan Biyetnam, ko da yake an ba su zaɓin biyan tara. A watan Oktoba na shekarar aka ƙone kusan tan huɗu na ɓawo a Abuja, a watan Janairu 2024 kuma aka niƙe tan biyu da rabi na haure.

Daga Apapa na bi babbar hanyar Oshodi zuwa Ikeja, na shiga unguwar da ake kira Computer Village. Ba a sayar da ko ɓera a wurin. Waya ce da kwamfuta, sababbi da kwance, layi bayan layi, samari suna jan hannun mutum suna tambayarsa ko zai saya ko zai sayar ko gyara. Amma duk wanda ke son fahimtar inda cinikin namun daji ya koma, to, ga rumfunan sabuwar kasuwar nan ana sayar da su a kan tebur, kowace ba ta fi tafin hannu ba.

Yadda cinikin ke tafiya a intanet ba wani sirri ba ne. Mai kaya zai sa hoto ko ɗan bidiyo a dandalin da jama'a ke taruwa, kamar Facebook ko Instagram ko TikTok, sau da yawa ba ya ambatar farashi, sai lambar waya. Mai so zai bi lambar, magana ta koma WhatsApp ko Telegram ko WeChat, inda ba mai gani sai su biyu. Da kamfanoni suka fara tace kalmomi, sai 'yan kasuwar suka koma zaurance. A shafukan Sin an sha ganin ana kiran haure farar roba, a na Turai da Amurka kuma a ce ƙashin saniya ne. Masu sayar da aku sukan ce a gida aka ƙyanƙyashe shi, domin yarjejeniya ta yarda da wanda aka kiwata bisa ƙa'ida. Sai dai masana tsuntsaye suna gane ƙarya daga hoton kansa. Ɗan aku idonsa baƙi ne, sai ya girma yake komawa rawaya, saboda haka in aka ga ɗaki cike da manya masu rawayan ido, babu zobe a ƙafa, an yanke musu fiffike, suna rakuɓe a kusurwa don tsoron mutum, an san daga inda suka fito. Da irin wannan duba ne masu bincike na World Parrot Trust suka nuna a 2018 cewa yawancin akun da ake tallatawa ta wannan hanya daga Kwango suke fitowa zuwa ƙasashen Gabas ta Tsakiya da Kudancin Asiya.

Kamfanonin ba su zauna haka nan ba. Tun watan Janairu 2009 eBay ya hana sayar da haure a shafinsa. A watan Maris 2018 ƙungiyoyin WWF da TRAFFIC da IFAW suka haɗa kamfanoni 21, har da Google da Facebook da Alibaba da Tencent, suka ɗauki alkawarin rage wannan ciniki da kashi 80 cikin ɗari kafin ƙarshen 2020. Ya zuwa 2021 sun ce sun goge ko sun toshe tallace-tallace fiye da miliyan 11. Adadi ne mai daɗin ji. Amma goge talla tamkar kashe maciji ne ba a sare kansa ba, domin mai tallar yana nan, wayarsa tana nan, kafin azahar ya buɗe sabon shafi da sabon suna. A 2022 ƙungiyar Avaaz ta sa wasu mutane waɗanda ba su da wata ƙwarewa a fannin su yi nema a Facebook, cikin kwana biyu suka samo shafuka da tallace-tallace 129 da ake zargi, kuma mako guda bayan an kai ƙara ba a cire ko rabinsu ba. Abin da ya fi muni, da na'urar dandalin ta lura suna son irin waɗannan shafuka sai ta riƙa kawo musu wasu. Kamfanin ya ce bai yarda da hanyar da aka bi wajen binciken ba. Ko ma dai yaya ne, alkawarin nan na ganin dama ne, babu kotun da za ta tuhumi wanda ya saɓa.

Daga Ikeja zuwa Agege ba nisa. Agege tsohon zangon Hausawa ne, wanda cinikin goro da hanyar jirgin ƙasa suka raya tun farkon ƙarnin da ya wuce, ga mayankar Oko-Oba nan kusa inda shanun Arewa ke ƙarewa. A nan ne na ga abin da, a ganina, sabuwar kasuwar ta rasa. Kakanninmu sun yi fatauci tsakanin Kano da Badun da Ikko da Gwanja ba tare da takarda ko ɗan sanda ba, kuma dukiya mai yawa ta riƙa wucewa bisa bashi tsakanin mutanen da ba su san juna ba. Abin da ya riƙe wannan ciniki shi ne mai gida da dillali. Baƙo ba ya shiga kasuwa da garke haka kawai, sai ya sauka a wurin mai gida wanda ya san shi, ya san garinsu. Dillali kuwa yana cin la'ada, amma la'adar tana da nauyi a kanta: in saniya ta zama ta sata, shi za a fara kamawa ya fito da wanda ya kawo ta. In ya kasa, ya biya, kuma sunansa ya ɓaci a kasuwa. Sama da su duka ga sarkin kasuwa, wanda ya san kowace rumfa da mai ita.

To, dandalin intanet dillali ne, kuma babu dillalin da ya taɓa cin la'ada irin tasa, domin duk daƙiƙar da mutum ya ɓata yana kallon bidiyon ɗan biri a cikin riga, kuɗin talla ne ke shiga. Amma shi wannan dillali ya ce shi filin kawai ya bayar, bai san mai kaya ba, bai san kayan ba. A Amurka, inda yawancinsu suke, wata doka ta 1996 ta ba su kariya mai faɗi daga ɗaukar alhakin abin da wasu suka sa a shafinsu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tarayyar Turai ce ta fara taɓa wannan wuri da dokar da ta kafa a 2022, wadda ta fara aiki gaba ɗaya a watan Fabrairu 2024. Dokar ta tilasta wa kasuwannin intanet su karɓi sunan ɗan kasuwa da adireshinsa da lambar wayarsa da takardar shaidarsa da asusun da ake biyansa kafin su bar shi ya baza haja, kuma kamfanin da ya yi taurin kai ana iya cin sa tarar da ta kai kashi 6 cikin ɗari na cinikinsa na duniya a shekara. Duk wani tsohon dillali a Agege zai gane wannan doka ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Nijeriya ba ta rasa kayan aiki ba. Tun 2014 aka fito da lambar BVN ta banki, tun ƙarshen 2020 aka tilasta haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa. Ma'ana, lambar wayar da ke ƙarƙashin hoton aku tana da suna a bayanta, asusun da kuɗi suka shiga shi ma haka. Akwai dokar laifuffukan intanet ta 2015, akwai ƙa'idojin da hukumar NITDA ta fitar wa dandaloli a 2022, akwai hukumar NESREA da aka kafa a 2007 don tilasta bin dokokin muhalli. A watan Oktoba 2025 Majalisar Dattawa ta amince da sabon ƙudurin kare namun daji, bayan Majalisar Wakilai ta riga ta amince, wanda ya tanadi ɗauri har na shekara goma da ikon bin sawun kuɗi. Abin da ake bukata shi ne ma'aikacin da aikinsa ke nan, ya zauna yana sintiri a shafuka kamar yadda ɗan'uwansa ke yi a bakin iyakar Seme, ya adana shaida kafin a goge ta, ya san alƙalin da zai ba shi izinin neman sunan mai layi. Sau da yawa gaggawar goge talla ma ɓarna take yi, domin da ita ake goge sawun ɓarawo.

Ina da tsoro guda biyu game da wannan. Na farko, duk lokacin da aka ce za a sa wa intanet linzami a ƙasar nan, hankalin masu mulki ya fi saurin zuwa ga masu sukarsu. Ba a manta da rufe Twitter daga watan Yuni 2021 zuwa Janairu 2022 ba. Dokar da za a yi don ɗan kunya ta tsaya a kan mai talla da mai cin la'ada, kada ta zama ƙofar leƙa hirar jama'a. Na biyu, mafi sauƙin kamawa ita ce matar nan ta Oluwo mai tebur ɗaya, ita ce za a ɗauka hoto a nuna wa 'yan jarida. Mai sito a Lekki da wanda ya sa hannu a takardar kwantena ba su da tebur a bakin ruwa.

A Agege jiragen sama suna wucewa ƙasa-ƙasa har sai mai magana ya dakata, gama filin jirgin Murtala Muhammed yana nan kusa. Ɓawo da haure sukan bi ruwa, amma mai rai ba ya jure wata guda a kwantena, saboda haka ta nan yake fita. Aku ya fi kowa sanin wannan hanya. Mu Hausawa mun daɗe da shi, duk wanda ya karanta Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam ya san akun da ya kai matsayin waziri, alhali kuwa tsuntsun ba na ƙasar Hausa ba ne, daga kurmi fatake ke kawo shi kasuwannin Kano. Ana kama shi da danƙo a kan reshe, ko a ciro 'ya'yan daga kogon itace, kuma da yawa suna mutuwa kafin su kai hannun mai saye. A Gana masu bincike sun gano a 2016 cewa tun daga 1992 an rasa kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na akun ƙasar. Ƙananan tsuntsaye ma ba su tsira ba: a ƙarshen watan Yuli 2025 kwastan na wannan fili suka kama tsirya da kanari sama da 1,600 za a kai su Kuwet ba takardar izini.

Wasu kuwa sukan wuce. Ran 22 ga watan Disamba 2024 jami'an filin jirgin Istambul suka buɗe wani akwatin katako da ya taso daga Nijeriya za shi Tailan, suka tarar da jaririn gorila ɗan kimanin wata biyar, an sa masa 'yar riga. Hotonsa ya zagaya duniya a waɗannan dandaloli da muke magana, jama'a suka yi ƙuri'a a intanet suka raɗa masa suna Zeytin, watau Zaitun. An yi ta shirin mayar da shi Nijeriya. Sai a 2025 hukumomin Turkiyya suka ce gwajin jini ya nuna shi ba irin gorilan Kuros Riba ba ne, irin na kurmin tsakiyar Afirka ne wanda babu shi a dajin ƙasar nan, saboda haka suka yanke shawarar ajiye shi a gidan namun daji a can.